Yadda Za Ka Kai Littafin Da Aka Naɗe Nama Da Shi Gaban Mai Zanensa

Kai, matso nan. Yarinya ta ba ka aron bede, littafin nan na labari cikin zane, kawunka ya naɗe nama da shi, ga shi jibi bikin masoya bede? Ka zo wurin gwani. Ni Muntasir na unguwar Habbena, a bikin 2003 na bi hanyar nan da ƙafata. Bi matakaina, na ba ka tabbaci mai zane zai sa hannu a littafin.

Mataki na 1: Karɓi aron da ba ka buƙata

A ce sunanta Juwairiyya, 'yar lise, wato sakandare, kullum da la'asar tana zuwa sayen gasasshen nama a teburin kawunka. Ka ce mata ba wanda ya kai ka son bede a N'Djamena. Ba ƙarya ka yi sosai ba: ka karanta tsakiyar labari ya fi arba'in a takardun naɗe nama, farko da ƙarshe ne kawai ba ka taɓa gani ba.

Ranar Alhamis za ta kawo maka wani tsohon bede, labarin masunci da dorina a kogin Shari.

"Muntasir, na yayana ne, ya bar mini kafin ya tafi Libiya. Asabar mai zanen zai zo biki, ina so ya sa mini hannu. Kada ko ƙuda ya sauka a kai."

Buga ƙirji ka ce, "A wuyana."

Mataki na 2: Ajiye shi a kan tebur

Danne shi da dutse don kada iska ta ɗauka, ka tafi sayo gawayi. A tsarin Kawu Inusa, duk takardar da ke ƙarƙashin dutsen nan ta nama ce, ko takardar asibitinsa ce.

"Kawu, ina littafin da na ajiye?"

"Wane littafi?"

"Mai dorina."

"Oho. Takarda ce ta kirki, ba ta yoyo. Ka samo mana irinta, buhun siminti ya ƙare."

Kada ka yi kuka a gabansa, zai ce hayaƙi ne ya tura ka fifita wuta. Ƙirga abin da ya rage. Ganye goma sha biyu sun bi gari.

Mataki na 3: Bi sawun masu saye

Hau klando, babur ɗin haya, Juma'a guda gare ka. Mahauci ya san gidan kowa, yau ranar wannan ilimin. A Goudji za ka samu Hajiya Dije tana fifita garwashi da shafi na tara. Gaishe ta da kyau, ka tambayi ƙafarta, ka bar ta ta gama labarin ƙafar, sannan ka roƙa. A Toukra za ka yi kokawa da akuya a kan wani ganyen. Bar mata kusurwa ɗaya, zanen gajimare ne kawai a wurin.

Za ka samu sha ɗaya. Ganyen ƙarshe kuwa, Nafiou direba ya tafi da shi Nijar tare da hanta da yaji. Kada ka damu. Masana sun tabbatar ƙarshen labari ba shi da wani amfani. Masanan, ni ne da mai klando.

Mataki na 4: Gyara

Goge kowane ganye da dutsen guga, ka liƙa da sikoc, wato salatif. Kada ka fesa turare. Na fesa. Yanzu littafin yana ƙamshin balangun da zai je ɗaurin aure.

Mataki na 5: Haye dokokin ƙofa

Ana bikin a babban zauren al'adu, kuma doka uku ce a ƙofa: rataya kati a wuya, ba shiga da makami, ba shiga da abinci.

Za ka ga abin kallo, kowa ya yi shigar wani jarumin bede. Wani ya ɗaura gidan sauro a kafaɗa wai shi mai tashi sama ne. Wani ya shige kwalin talabijin cikin zafin Afrilu wai sulke, gumi na fita ta ƙasa kamar an kunna famfo. Wata ta liƙa kunnuwan kwali, kanta ya ƙi shiga ƙofa sai a karkace. Maigadi ya tara takubban katako a gefe kamar zai buɗe kasuwar itace. Kada ka yi musu dariya. Su sun san abin da ya kawo su.

In layi ya zo kanka, maigadi zai ɗaga hanci.

"Ina naman?"

"Ba nama, Baba, littafi ne."

Zai buɗe, yaji ya zubo masa a takalmi. A nan ake gane ƙwararre. Dube shi ido cikin ido ka ce ai shiga ka yi kamar kowa, kai mahaucin cikin bede ne, ƙamshin ma cikin kayan wasa yake.

"Wane bede ne ke da mahauci?"

"Bai fito ba tukuna."

Zai dube ka, ya dubi mai gidan sauro, ya gaji da duniya. "Kalas, shi ke nan, wuce."

Mataki na 6: Tsira a layin sa hannu

Dokar ciki: mutum ɗaya littafi ɗaya, ba taɓa zanen da ke bango, ba tsallake layi. Juwairiyya za ta same ka a nan, ta sha sabon lafaya.

"Kawo in riƙe."

Ƙirƙiro doka ta huɗu nan take: wanda ya shigo da littafi shi ke miƙawa. Matse shi a hammata cikin leda.

Awa biyu za ku tsaya. Ƙudan Habbena da suka san ka za su iso, su gayyato na unguwar. Na cikin kwalin talabijin zai leƙo ta ramin ido ya ce, "Don Allah wa ke cin nama bai ce bismillah ba?" Juya ka taya shi neman mutumin. Ita kuwa za ta riƙa kore maka ƙuda da bakin lafaya tana cewa, "Sannu, na wahalar da kai." Amsa da "ba komai". Muryarka za ta fito siririya, ka ce zafi ne.

Mataki na 7: Miƙa, ka sunkuyar da kai

Mai zanen, Malam Abdulgani, dattijo ne mai farin gemu, shekara ashirin yana ƙasar waje. Zai zaro littafin daga leda. Maiƙo ya ratsa takarda har kana hango dorinar shafi na goma tun daga na bakwai. Kada ka kalli Juwairiyya. Za ka ji bakin lafayar ya daina kaɗawa, wannan ya ishe ka labari.

Dattijon zai kai littafin hanci, ya rufe ido, ya daɗe.

"Naman sa ne ko na raƙumi?"

"Na sa, Malam. Sai shafi na ashirin, shi kam hanta ce."

"Shekara ashirin ban ji wannan yajin ba." Zai buɗe baya. "Ina ƙarshen?"

"Yana hanyar Damagaram."

Zai yi dariya har gilashinsa ya zame. Sai ya jawo farar takarda ya shiga zana sabon ƙarshe, layi na guna-guni a bayanka, na cikin kwali na neman suma. A sabon ƙarshen masunci ya tsira, dorina kuma na haɗiye wani saurayi mai kunnuwa irin naka sak, an naɗe shi a takarda an barbaɗa masa yaji. Ya rubuta sunanta a ƙasa, ya sa hannu. Ka ga? Na cika alkawari.

Mataki na 8: Kada ka yi murmushi

A waje jama'a za su kewaye ta suna roƙon ganin shafin da babu irinsa a duniya. Zuciyarka za ta ce maka ai kai ne sila. Kada ka saurare ta. Ni na saurara, har na ce, "Kin ga amfanina?"

"Da ka faɗa mini tun Alhamis, Muntasir, da tare za mu bi gari nema," in ji ta. "Amma ka bar ni awa biyu ina kore maka ƙuda ina ba ka haƙuri."

Ba matakin da ke maganin wannan. Na nema.

Gargaɗi

Sa hannu na yi maka alkawari, ban ce komai a kan yarinya ba, koma sama ka duba. Duk wanda ya bi matakan nan akuya ta tunkuye shi, ko maigadi ya riƙe shi, ko aka manna hoton kunnuwansa a bangon lise wata uku, ba ruwana, ba ruwan Kawu Inusa. Mai ƙorafi ya same ni a Habbena da la'asar, amma ya zo da kwanonsa mai murfi. Ita ma haka take zuwa yanzu, kuma Kawu take miƙa wa.