Rasuwar Auta, Na'urar Sharar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda shi kaɗai ke ɗauke da shi a gidan, Baba ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Auta, na'urar shara mai tuƙa kanta.

Baba ne ya raɗa mata wannan suna, alhali autarsa ta cikinsa tana zaune tana ji.

Marigayiya ta san ɗaki kamar yunwar cikinta. Kallo ɗaya ta yi wa falo ta haddace nisan kujera da bango. Ba ta taɓa ture kofi ba, ba ta taɓa tambayar ina ne hagu ba. Idan ta gama aiki sai ta ce "ɗit-ɗit" cikin ladabi, ta koma mazauninta. Baba kan dubi Mama ya ce, "Kin gani? Ke tun aurenmu kike karo da teburin nan."

Ciwon ajali ya fara ne ranar da Mama ta sayo dogon madubi ta jingina shi a ƙasa. Marigayiya ta hango wani falo a ciki, da wata na'ura tana tahowa. Ta kauce, waccan ta kauce. Ta wuni tana buga goshi. Daga nan lissafinta ya rikice, har ta fara share bango. Baba ya roƙi a ɗauke madubin. Mama ta ce, "Haba Malam, mai basira kamar Auta? Ai za ta gane."

Ranar da ta cika, an bar ƙofar bene a buɗe. Kowa ya rantse ba shi ba ne. Ta gangara matakala ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin "Ana neman hanya," har ta yi shiru. Baba ya durƙusa yana tsintar tayoyinta, iyali na sama suna leƙe.

Ta bar caja ɗaya, da buroshi biyu, da dattijon da yanzu ba mai amsa masa sallama a gidansa.

Mai gyara ya ce sai haƙuri. Za a sa ta a kwalinta gobe da hantsi, a rufe ta bayan gareji. Zaman makoki a falo. Mama na ba da haƙuri, ba za ta samu halarta ba: za ta kai yara ɗaukar hoto.