Mamacin da Ya Rufe Keken Kaka

"Lafiya lau, amarya, in dai zaman banza lafiya ne."

Tsohon tela ne ke amsa gaisuwar jikarsa, ɗalibar jami'a mai karatun tattalin arziki. A hutun baya ta raba wa ma'aikatansa aiki: ɗaya yanka, ɗaya ɗinki, ɗaya maɓalli da guga. Kaya kuwa suka riƙa fita da wuri. Shi tsohon rabonsa kujera ce a bakin ƙofa, kekensa aka lulluɓe da ƙyalle. Abin na cin sa, girma ya hana shi faɗa.

"Ango, an ba ka hutu kana ƙorafi? Masanin da ya kawo dabarar nan duniya kaf ta bi shi. Masana'antu, gwamnatoci, har malamanmu da bakinsa suke magana."

"Yana ina, in gan shi ido da ido?"

"Ya mutu tun ba a haifi kakan kakanka ba."

"Ka ji. Mamaci ya ƙwace min mata, ya haɗa da keke. Ya taɓa zura zare a allura?"

"Kai ma ai lalube kake, kafar allura na gabas kana yamma."

"Tsohon doki sai mai sani. Me ma ya ce?"

"A raba aiki, kowa ya ƙware a nasa."

"Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kakata ta faɗi wannan, alƙalami ne ba ta da shi." Ya nuna teburin yanka da haɓa. "Ran da mai almakashi ya kwanta zazzaɓi, wuni muka yi muna kallon juna. Babu mai iya riga daga wuya zuwa ƙasa."

Ta sosa ƙeya. "Masanin ma ya yi gargaɗi a littafinsa, wai mai aiki ɗaya tilo basirarsa dushewa take. Lokacin ban kai babin ba."

"Au, da rabin littafi kika yi min ritaya?"

Ta zaro yadi daga jaka ta ɗora masa a cinya. "Na ranar kammala karatuna ne."

"Wa zai yanka?"

"Kai."

"Ɗinki fa?"

"Kai. Har maɓalli."

"Mamacin ba zai yi fushi ba?"

"Ba a gayyace shi ba."

Tsoho ya yi dariya har da tari. Ya miƙe ya yaye ƙyallen, ya hure ƙurar keken.

"Miƙo hannu in auna, mummuna."