Ranar Da Na Raba Wa Masu Ciwon Sukari Mazarƙwaila

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ko da Allah Ya ƙara mini wasu shekaru saba'in a kan waɗanda na ci. Shekara talatin da biyar na yi ina riƙe da alli a makarantun ƙasar Makarfi, kafin in koma gonar raken mahaifina a Nasarawan Doya. Wanda kuwa ya saba da tsayuwa gaban allo, zaman benci yana yi masa wuya ƙwarai.

Da likita ya tabbatar mini da ciwon sukari, sai ya tura ni wurin malamar asibitin garinmu, wadda ke tara masu wannan lalura duk Laraba tana karantar da su. Ko da na leƙa, sai na ga Rakiya ce, yarinyar da ni na koya wa rubuta sunanta. Na karɓi ƙwayoyina, na sa mata albarka, na kama hanya. (A raina na ce, wadda na share wa majina a aji ɗaya ba za ta zaunar da ni ba.)

Sai na kafa wa kaina doka. Na haramta sukarin kanti da lemon kwalba, na maye gurbinsu da mazarƙwailar gonata. Hujjata kuwa, rake ƙasarmu ta fitar, a gabana ake matse shi a dafa, babu hannun baƙo a ciki. Kullum sai na jefa curi guda a koko. In an sauke tukunya kuma, mai gona ke fara ɗanɗanawa, haka muka gada, ni kuwa ba na wasa da gado.

Abu guda ya dame ni. Alƙur'anin da nake karantawa bayan asuba ya soma yi mini dishi-dishi. Na ɗora wa tabarau laifi, har sau biyu ina canja shi.

Rannan Rakiya ta zo gaishe ni. "Baba, mutane suna jin maganarka. Ka zo mana ranar Laraba ko kalma biyu ka yi musu." (Yarinyar ta san lagona.) Na zuba babbar riga, na cika kwando da mazarƙwaila, don dattijo ba ya zuwa taro hannu rabbana.

Na miƙe gaban jama'a, na gyara murya, na yi bayani mai tsawo a kan kame baki. Daga nan na buɗe kwando na shiga rabo, ina cewa, "Ga halattaccen zaƙi, ku bar na kanti."

Sai taubashina Tanimu, wanda bai taɓa fashin Laraba ba, ya juya curinsa ya ce, "Malam, gaishe mu ka zo yi, ko rage layi?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ai Malama ta gaya mana, wannan da na kanti uwa ɗaya uba ɗaya suke."

Rakiya ta durƙusa. "Baba, ara mini yatsa." Ta fara gwada jinin Tanimu, sannan nawa, ta jera sakamakon. Tanimu ya leƙa, ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Jama'a, a tafa! Malam ya zo na ɗaya, ya ninka ni har da ƙari!"

Aka kwashe da dariya. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

"Baba," in ji Rakiya a hankali, "sukarin kantin ma daga rake ake yin sa. Jini bai san gonar wa aka saro ba. Yaya idonka?"

Tambayar nan ce ta gama da ni, don ban gaya wa kowa zancen dishi-dishin ba. Na tattare babbar riga na zauna a benci, kusa da Tanimu.

A bencin nan na koyi auna tuwo da dunƙulen hannuna, da yawaita ganye a miya, da duba ƙafafuna kafin in kwanta, da shan ƙwaya a kan lokaci. Ta kuma tura ni wurin likitan ido a Zariya, ya ce na zo da sauran dama. Bayan 'yan watanni, wata asuba na buɗe Alƙur'ani na ga wasulla ɓaro-ɓaro, da tsohon tabarauna. Har hawaye na yi don murna.

Ɗanɗanon tukunya dai na bar wa masu dahuwa, gadon bai rushe ba. Na kuma gane cewa ciwo ba ya tambayar wa ya koyar da wa. Yanzu duk Laraba ina bencin gaba, in zan yi magana sai na ɗaga hannu, ita kuma Rakiya ba kullum take kira na ba.