Ɗingishin Baban Asabe

Ba zan taɓa mantawa ba da wata ranar kasuwa a Birnin Gwari, shekarar da aka bar sule da fam aka koma naira. Lokacin ina koyar da gashin ƙashi a Kaduna, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ƙafar ɗan Adam. Na kwaso ɗalibaina a akori-kura, muka keto daji, wai su koyi karanta tafiyar mutane. (Gaskiyar magana, akwai wata Asabe a Randagi da nake nema, na so labari ya kai gidansu cewa ni babban malami ne.)

Muka tsaya bakin kasuwa. Na nuna musu matan Gbagyi da kayansu a kafaɗa, na nuna Fulani da sanda a wuya. Ina ta zuba, suna ta gyaɗa kai. Can sai ga wani dattijo da malafa ya wuce mu, yana ɗingishi a hankali.

"Bitrus, me ka gani?" na tambayi ɗaya daga cikinsu.

"Malam, kamar yana tsoron taka yatsunsa."

"Kai, Bitrus! Ciwon kwankwaso ne, ya daɗe yana cinsa. Ku biyo ni."

Na bi bayan dattijon nan ina kwaikwayonsa. Na karkace, na turo ƙugu, ina jan ƙafa kamar agwagwa, ina bayani da ƙarfi. Masu tallar doya suka bar ciniki, 'yan kasuwa suka fara dariya. Ni kuwa na ɗauka burge su nake yi, na ƙara gishiri.

Sai dattijon ya waiwayo.

Baban Asabe ne. (Kada ku ga laifina da yawa: ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Kullum yana zaune kan buzu, ni kuma kaina na sunkuye.) Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na watsar da takalmana, na zube a tsakiyar hanya ina "Ranka ya daɗe, sannu da rana," alhali ƙuguna bai gama miƙewa ba. A raina na ce shi ke nan, Asabe ta tafi.

Bai ko kalle ni ba, kunyar suruki ta hana. Ɗalibai ya fuskanta.

"Samari, ku gaya wa malaminku kwankwasona lafiya lau. Wani yaro ne ya aiko mini takalmi daga Kaduna, ya yi mini kaɗan. Na ji an ce zai shigo kasuwa yau, na ce bari in sa, kada ya ga kamar na raina."

Na saci kallon ƙafarsa. Sau-ciki baƙi, yana ƙyalli. Ni na saye shi, da ka na ƙiyasta ƙafar.

Bitrus, Allah ya shirye shi, ya ce, "Malam, ashe yatsun ne."

An ba ni Asabe dai, bayan kawuna ya yi sawu uku Randagi yana ban haƙuri. Amma har dattijon ya rasu, in na je gaisuwa sai ya ce wa jikokinsa, "Ku tambayi likita, yau ina ne ke mini ciwo?"

Tun daga ranar nake gaya wa ɗalibai: kafin ka karanta tafiyar mutum, zagaya ta gaba ka gaishe shi. Sannan ka dubi takalminsa, ka tambayi wanda ya saya.