Ƙullin Baba Jibrilu

"Lafiya lau, amarya. Gajiya da sauƙi, in ban da wadda ganinki ya ƙara mini."

"Sannu da hanya, tsoho. Na ɗauka direba ya manta da kai a wurin kaya."

Baba Jibrilu ya sauko daga motar Birmingham a tashar Manchester da sandarsa, jikarsa Sumaiya ta karɓi jakarsa. Tana shekara ta biyu a jami'a, tana karanta halittun ruwa, ranar Asabar kuma za ta yi nutsonta na farko a tafki, ba a kwamin wanka ba. Mahaifiyarta ta gindaya sharaɗi ɗaya: in kakanta na wajen uba bai yarda ba, babu inda za ta. Tafkin Volta ne ya ci uban Sumaiya a Yeji tana da shekara biyu, kafin dangin su watso Ingila. Shi ya sa Sumaiya ta kira tsohon ya raka ta sayen rigar nutso, ko in ya ga kayan ya sauko. Shi kuwa a'a ya ɗauko tun daga Birmingham.

A shagon, can gefen Stockport Road, wata dattijuwa mai suna Margaret ta yi musu bayani, Sumaiya na fassarawa. Rigar tana shan iska daga tukunyar iska da mai nutso ke goyawa a baya, ta ɗaga mutum sama. Dalmar da ke aljihunta ita ke kai shi ƙasa. In abu ya ɓaci, sai a zubar da dalmar a taso.

"Wato ki sayi abin da zai nutsar da ke, ki kuma sayi abin da zai fito da ke. Zauna a gida, kin huta da duka biyun."

"In zauna in yi me? In riƙa kallon mijin da haƙoransa ke kwana a kofi?"

"Haƙoran kofin nan sun fi naki cin nama. Ke da kifi a faranti ma sai an cire miki ƙaya."

"Kai da ka ce kai sarkin ruwa ne, ko baho ba ka shiga sai hukumar gari ta kafa maka abin riƙewa."

"Na kama kifin da ya fi ki tsawo, ya fi ki hankali, ya kuma fi ki kyau."

"Da ka aure shi, mun huta."

Ta ɗauko rigar da ta daɗe tana so, baƙa siririya mai ratsin shuɗi. Aljihunan dalmarta da 'yan maɓallai ake rufe su, sai an matse da yatsu biyu suke buɗewa. Ta saka ta juya gaban madubi. Tsohon bai kalli madubin ba, maɓallan yake kallo.

"Sa safar hannu. Mai kaurin can."

"Wai gwaji za ka yi mini?"

"Ja ɗankwalinki ki rufe ido. A ƙasa babu fitila. Riƙe numfashi. In kin zubar da dalmar kafin in kai ashirin, na yarda."

Ta yi. Ya soma ƙirga, a hankali, da wata murya da ba ta san shi da ita ba. Yatsunta cikin roba suka yi ta lalube. Ta kama wani maɗauri da ba shi ba, ta sake, ta sami maɓallin ya zame. A sha takwas ta fizge ɗankwalin tana haki. Shi bai tsaya ba.

"Ashirin da ɗaya. Ashirin da biyu."

"Na ji, na faɗi. Ya isa."

"Ashirin da uku. Kin mutu, amarya. Gobe zan nemi wata. Waccan baturiyar ma ta ishe ni."

"Ai ka saba. Mutum ya mutu, ka koma gida ka ci tuwo."

Margaret ba ta jin Hausa, amma ta koma can tana gyara kayan da ba su buƙatar gyara.

"Bakinki ya yi tsawo."

"Shekara goma sha takwas kuna ba ni kalma huɗu kan babana: ruwa ya ci shi. Mama ta ce in tambaye ka, kai ka ce in tambayi Allah. Kwalekwale ɗaya kuka shiga, kai ka dawo ko rigarka ba ta jiƙe ba. Yanzu ka hau mota awa biyu don ka hana ni, wai tsoro kake ji mini. Ba ni kake ji wa tsoro ba, tsoho. Kanka kake karewa."

Ya zauna a kan benci, ya ɗora haɓarsa a kan sanda.

"Kin san me ake kirana a Yeji? Jibrilu mai ƙulli. In na ɗaure kwalekwale, ko iska ta tumɓuke bishiyar, za a same su tare. Mutane har kawo mini igiya suke yi in ɗaure musu."

"Ga shi kuwa ko takalminka ba ka iya ɗaurewa."

"Tafkin nan cike yake da kututture. Taru ya maƙale, sai wani ya sauka ya kwance shi. Mukan ɗaura wa mai sauka dutse a ƙugu don ya isa ƙasa da wuri, na sama yana ƙirga. Ana yin ƙullin da za a ja baki ɗaya ya warware. Ranar, ubanki Kamil ya yi nasa, na duba na ce wannan ɗaurin mata ne, zai kwance tun kan ka kai rabi. Na ture hannunsa, na yi masa nawa. A gaban mutane, suna yaba mini."

Ya ɗago kai ya dube ta, ya ci gaba.

"Igiya in ta sha ruwa ƙara kamawa take yi. Na san haka tun ina yaro. Na ƙirga har ɗari uku. Da aka fito da shi, farcensa duk sun karye a kan ƙullin. Ko da wuƙa sai da aka sha wuya. Aikina mai kyau ne, kin ji."

"Mama ta sani?"

"Don me kike ganin ta turo ki wurina? Ba izinina take nema ba. So take in kalle ki in faɗa."

Ta cire safar a hankali, ta ajiye. Amma ba ta bar wasan ba, don in ta bar shi ba ta san da wane baki za ta yi masa magana ba.

"Ashe mai kisan kai nake aure."

"Tun yaushe. Kin ga ba a samun irina a Manchester."

Ta cire baƙar rigar, ta nuna wa Margaret wata a ƙarshen layi, ƙatuwa, mummuna, kowane aljihu da jan mariƙi kamar hannun bokiti. Amma ba ita ta saka ba. Ta tayar da tsohon, ta rataya masa a kan babbar rigarsa.

"Rufe ido. In waɗannan karkatattun yatsun naka suka iya, kowa ma zai iya. Ɗaya. Biyu."

Hannunsa ya faɗa kan mariƙin, ya ja. Aljihun ya fito ɗungurungum, dalmar ta daki ƙasa dab da ƙafarsa. Ko uku ba ta kai ba. Ya daɗe tsaye da jan abin a hannu, ido a rufe.

"Shi ke nan?" in ji shi. "Haka kawai?"

"Haka kawai."

"Wa ya ƙirƙiro wannan? Ragon banza. Ko ƙulli bai iya ba."

Ya yi dariya, gajeriya mara daɗi, ya share fuska da hularsa. Ya zaro katin bankinsa ya miƙa wa Margaret.

"Sadakinki ke nan, kada ki sake tambayata. Ki ce wa uwarki na yarda, na kuma faɗa. Amma Asabar ina bakin ruwa, zan ƙirga."

"Minti arba'in zan yi a ƙasa, tsoho. Kai da ɗari uku ce iyakarka."

"To ɗauko jakata, amarya. Ki koya mini sauran a hanya."