Aradu Ya Kwanta Dama, Kumatu Ta Waiwaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wato zuciyar Baban Kumatu, don tawa dai ba zan yi muku ƙarya ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da maƙwabta na kusa da na bayan layi rasuwar Aradu, sautin motar maigidana, wanda ya cika a garejin bakanike bayan 'yar gajeruwar rashin lafiya. Shi maigidan ne ya kamata ya rubuta wannan sanarwa, amma ya ce hannunsa ba zai iya ba. Ni kuwa nawa har ƙaiƙayi yake yi, saboda akwai labari a bakina mai zafi kamar garwashi. Amma an ce a fara da mamaci. To, mu fara da shi.

Ga wanda bai san marigayin ba, in har akwai mai irin wannan sa'ar: Aradu ba rediyon motar ba ne, ba kuma ƙaton akwatin sifikan nan na cikin but da suke ce wa wufa ba. Waɗannan gangar jiki ce kawai. Aradu shi ne saitin. Tun kafin ya aure ni Baban Kumatu yake rainonsa. Ya ƙara nan, ya rage can, ya kasa kunne, ya fita ya dafa but, ya dawo ya sake murɗawa. Ma'auninsa madubin tsakiya ne: sai ya girgiza har motar da ke bayanmu ta zama biyu a ciki, sannan ya ce yanzu aka zo wurin. Bai taɓa rubuta lambobin a ko'ina ba, wai kada abokansa su kwafa. Ya ce suna kansa. Ku riƙe min wannan maganar.

Marigayin mai zumunci ne. Bai taɓa wuce gida bai gaisa da tagoginsa ba. Kafin mota ta shawo kwana, murafen tukwanena sun fara rawa a kicin, ni kuma na san lokacin ɗora ruwan wanka ya yi. Ba ya gulma. Duk abin da zai faɗa a gaban kowa yake faɗa, kuma maganar ɗaya ce: dum. Dum, dum, dududum. Ga shi da riƙon sirri. Duk abin da na gaya wa mijina a cikin mota har yau bai fita ba, don shi kansa mijin bai ji ba. Ranar da na ce masa ina da ciki a mota muke. Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya ce shi ma yana son waƙar.

Sai dai a ƙarshen rayuwarsa ni da marigayin ba ma ga maciji, kuma ga dalili. Kumatu 'yarmu ce ta fari. Ta yi zama, ta fara jan ciki, ga kumatu kamar a latsa, amma ba ta waiwaya. Ka kira ta, ko gezau. Faranti ya faɗi, ko ƙifta ido. Hajiya, uwar mijina, ta tafa hannu a bayan kanta, sannan ta dube ni, irin kallon da gara a zage ka. Da na kai ta rigakafi, nas ta kaɗa mata makullai a gefen kunne, yarinya tana ta cin ɗan yatsan ƙafarta. Nas ta tambaye ni ko akwai hayaniya a gidanmu. Na ce a'a, sai ɗan rediyo. Ta ce mu dawo a yi mata gwajin kunne. Ina yi mata wanka ina raɗa mata Mama, Mama, ina kallon idonta ko zai motsa. Na roƙi ubanta ya rage Aradu, ya ce ai tun tana ciki take jinsa, yayanta ne. Amma shi ma na sha kama shi yana kaɗa mata makulli in ya ɗauka ba na gani.

Ciwon ajalin da tari ya fara. Mota ta riƙa yin kirr-kirr da safe kafin ta tashi. Ana gobe gwajin ya kai ta gareji, don kada ta ba mu kunya a hanya. Bakanike ya buɗe gaba, ya ga kan batir ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gishiri, ya ce wanki kawai yake so. Baban Kumatu ya juya ya amsa waya. Bakanike ya sa sifana ya cire kan batir. Shi ke nan. Babu shure-shure, babu wasiyya.

Da aka mayar, mota ta tashi bugu ɗaya. Rediyo ma ya kama, amma ba shi ba ne. Agogo yana ta ƙiftawa kamar wanda ya farfaɗo daga suma, tashoshi duk sun gudu, wufa ya yi gum. Rubutun fuskar rediyon kuma ya koma na ƙasar da aka ƙera shi, wasu 'yan ƙugiyoyi da 'yan ɗakuna.

“Oga, ka sake saitawa mana,” in ji bakanike. “Ba kullum kake cewa lambobin suna kanka ba?”

Baban Kumatu ya duba kansa. Bai tarar da komai ba.

Wallahi an yi iya ƙoƙari, kada wani ya ce an yi sakaci. Sauran yinin nan a cikin mota ya yi shi a ƙofar gida. Ya danna nan, waƙa ta tattara ta koma sifikan hagu. Ya danna can, mawaƙin ya zama kamar an rufe shi a gwangwani. Ya danna wani wurin, wata mata ta fara magana da yarensu cikin ladabi, har yau in aka kunna mota sai ta gaishe mu. Da yamma ya kashe rediyon gaba ɗaya, ya shigo yana jan ƙafa, ya ce, “Maman Kumatu, ya tafi.” Na ce sannu, Allah ya ba da haƙuri. Na shiga kicin na tura ƙofa, don kada ya ga abin da fuskata take yi.

Yauwa. Yanzu na zo kan labarina, ku matso!

Washegari muka kama hanyar asibiti, ina baya da Kumatu a cinya. Mota tsit. Ashe kujerar baya tana ƙara. Ashe mijina huci yake yi in yana tuƙi. Shi yana makokin Aradu, ni ina tunanin abin da za a gaya min a kan kunnen 'yata. Muka zo mahaɗa, ya sa sigina. Tak. Tak. Tak. Jama'a, ni ban taɓa sanin sigina tana da murya ba! Kumatu tana tsotsar hannu. Sai ta cire hannun. Ta juya kai. Ta leƙa wajen sitiyari.

“Baban Kumatu, kashe.”

Ya kashe. Ta mayar da hannu baki.

“Kunna. Kunna mana!”

Tak. Tak. Ta sake waiwayawa, ta wage baki ba haƙori ko ɗaya, ta yi dariya, ta buga harshenta ta ce tak. Tana ji! 'Yata tana ji!

Nan muka tsaya a tsakiyar titi, yana kashewa yana kunnawa, motoci sun yi layi a bayanmu. Wani direban tipa ya danna hon, ya leƙo yana cewa, “Kai malam, ka sayi titin ne?” Baban Kumatu ya fito da kai, hawaye shaɓe-shaɓe, ya ce, “Ƙara dannawa, don Allah, ɗan uwa! Ƙara!” Direba ya yi mana kallon masu taɓin hankali, ya danna. Kumatu ta zabura ta tsala ihu. Tun da na haife ta ban taɓa jin daɗin kukanta irin na ranar ba.

Duk da haka muka je aka yi gwajin. Kunnuwa lafiya lau, duka biyun. Nas ta ce mun yi babbar sa'a, ta tambayi lafiyar ɗan rediyon nan. Baban Kumatu ya sunkuyar da kai ya ce ya rasu. Ta ce to kada a tashe shi. Ni dai abin da na fahimta shi ne, yarinyar da ta tashi a hannun Aradu, a zo ana kaɗa mata makulli, ai raini ne.

Ya zama dole in faɗa cewa marigayin ya farfaɗo sau ɗaya. Abokin maigidan, mai shagon waya, wanda ya daɗe yana kwaɗayin lambobin, ya zo gaisuwa. Ya haska rubutun rediyon da wayarsa, waya ta fassara masa, ya gano inda wufa ya kashe kansa. Ya danna. DUM! Murfin tukunya ya amsa daga kicin. Na ga idon mijina ya kawo haske. Amma Kumatu tana hannunsa. Ta firgita, ta ƙanƙame wuyansa, tana kuka har da shiɗewa. Ya dubi rediyo, ya dube ta. Ya miƙo min ita, ya zaga ya buɗe but, ya zare wayar wufa da hannunsa.

“Haba mutumina, yanzu fa muka samo shi!” in ji mai shagon waya.

“Bar shi ya huta,” in ji Baban Kumatu. “Ya yi nasa.”

Wannan dum ɗin ita ce maganarsa ta ƙarshe a duniya.

Ya rasu ya bar maigida, da ƙananan sifiku da yanzu suke karanta labarai cikin natsuwa, da matar nan mai gaisuwa da har yau ba mu san yadda ake amsa mata ba. Ya bar telan gefenmu, wanda ya ce sai yanzu ɗinkinsa ya miƙe. Ya bar karen maƙwabta ba abokin hira. Ya bar ni ma da 'yar asara, in faɗi gaskiya, don yanzu ban san lokacin dawowar mijina ba, sai dai in farka in gan shi tsaye a kaina, ruwan wanka ko a wuta ban ɗora ba.

Za a fito da gawa daga but ranar Asabar da hantsi. Ana neman maza masu ƙarfi, domin marigayin ba ƙaramin mutum ba ne. Za a kai shi makwancinsa a ɗakin Hajiya, ta ce daidai yake da ɗora kwandon wanki. Masu ta'aziyya su yi wa Baban Kumatu a hankali, kuma murya ƙasa-ƙasa, muna da mai ji a gidan. Mai shagon waya, mun gode, mun yafe maka zuwa.

Bayan an watse za mu ɗan zaga unguwa a mota. In kun ga wata mota ta sa sigina, ta wuce kwana, ta wuce ta gaba, ta ƙi juyawa, don Allah kada ku zagi direban. Mu ne. Kumatu ce take jin waƙarta.