Rasuwar Tayoyi Huɗu a Rumfar Itace

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai a sunkuye, ni Torbjörn Hedlund nake sanar da 'yan ƙungiyarmu ta tseren mota, da maƙwabtan da suka sha haƙuri da ƙarar injina, rasuwar tayoyina huɗu na filin tsere. Sun riga mu gidan gaskiya cikin sanyin bana, a rumfar itace da ke ƙarshen lambuna, bayan jinyar da babu wanda ya je dubiya. Ba a san ranar da rai ya yi halinsa ba. An dai tarar da su ranar Lahadin da ta wuce.

Mamatan sun zo gidana bara waccan, bayan na shafe wata da watanni ina zaɓe. Waɗanda suka zauna kusa da ni wurin shan kofi a wancan lokaci za su tuna, kuma ina ba su haƙuri. Na duba mai tauri, wadda ke daɗewa amma ba ta riƙe kwalta. Na duba mai laushi, wadda ke manne wa hanya kamar danƙo amma ta cinye kafin kaka. Na tambayi kowa, ban bi shawarar kowa ba. Daga ƙarshe Kjell, shugaban ƙungiya, ya ajiye kofinsa ya ce, "Mutumina, don Allah ka sayi kowace iri mu huta. Matsalar motarka a bayan sitiyari take zaune." Aka yi dariya, ni ma na yi, don na ɗauka wasa yake. Na sayi masu laushin.

Waɗanda suka san mamatan za su shaide su da haƙuri. Da safe sukan tashi da sanyin jiki, sai an zagaya da su a hankali sun ɗumama, amma da zarar sun yi zafi ba su taɓa ba ni kunya ba. Har yanzu ina jin ƙarar tsakuwar da suke ɗebowa su watsa a cikin motar, tas-tas-tas, idan muka dawo wurin ajiye motoci. Ba su taɓa zamewa ba tare da sun yi gargaɗi ba. Sai sun fara da gunaguni ƙasa-ƙasa, sannan ƙiiii, sannan su saki. Ni ne dai ban cika saurare ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa da tuta a kwana ta uku ta hanyar tseren ya san sau nawa muka bar hanya muka shiga ciyawa tare, kuma ko sau ɗaya ba su faɗa wa kowa wanda ya makara wajen taka birki ba.

Ni kuwa ban rufa musu asiri ba. Duk Asabar ɗin da agogo ya nuna na zo kusa da na ƙarshe, su nake kai ƙara. In shafa musu alli a kafaɗa, in dawo in tsuguna ina duban inda ya goge kamar mai duba, in rage iska, in ƙara iska, in miƙe in ce wa jama'a robar ta tsufa. Na faɗi haka a gabansu, suna ji.

A gasar ƙarshe ta kaka, wadda muke zagaya robobi masu tsini a tsohon filin jirgin sama, 'yata Majken ta roƙe ni in ba ta motar ta gwada sau ɗaya. Ba ta daɗe da samun lasisin tuƙi ba. Na ba ta, tare da nasiha mai tsawo. Ta shiga, ta zagaya, ba ta ture roba ko ɗaya ba, ta fito da lokacin da ban taɓa yi ba tun da na fara wannan harka. Ta cire hular kwano tana haki ta ce, "Baba, tayoyin nan fa lafiyarsu ƙalau!"

Na ce, "Ai ni na ɗumama miki su."

Kjell ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

A ranar na yi mata alkawari: tayoyin nata ne. Tana gyaran wata tsohuwar ƙaramar mota da hannunta, girman tayarsu ɗaya da tawa, kuma ta sa sunanta a gasar farko ta bazara. Na ce sun dace da ɗan koyo. Ni kuma na je na yi odar sababbi, tunda har lokacin ban yarda da shaidar agogo ba.

Nan ne ciwon ajali ya samo asali. Duk ɗan ƙungiyarmu ya san taya mai laushi ba ta kwana a waje idan ƙanƙara ta sauka. Ana wanke ta, a sa ta a baƙar leda, a kwantar da ita a ɗaki mai ɗumi har dusar ƙanƙara ta narke, don idan sanyi ya ratsa robar takan yi tauri, ƙaramin motsi ya tsaga ta. Ni kaina na sha yi wa sababbin shiga huɗuba a kan haka. Mamatan sun yi sanyin bara a ɗakin baƙi, kusa da gado. Sai dai matata Pernilla tana da doka guda a kan wannan ɗaki, kuma da sababbin suka iso ta tsaya a bakin ƙofa ta maimaita ta: "Taya huɗu, Torbjörn. Ta biyar in ta shigo, kai za ka fita ka ba ta wuri."

Na dubi sababbi suna sheƙi da ƙamshin roba. Na dubi tsofaffi da ragowar allina a kafaɗunsu. Na ɗauki tsofaffin na kai rumfar itace, da niyyar zuwa Asabar in kafa musu katako a ɗakin ƙasa. Asabar ta zo ta wuce, ta kawo 'yan'uwanta. Majken takan bugo waya daga garin da take karatu ta ce, "Baba, tayoyina suna cikin ɗumi dai ko?" Ni kuma in ce suna nan lafiya, suna gaishe ta. A tsakiyar Janairu, ranar da sanyi ya hana motar maƙwabcina tashi, na shiga rumfar ɗiban itace, suka tare mini hanya, na ture su gefe da ƙafa. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas. Na ce a raina itace ne. Wannan shi ne gargaɗinsu na ƙarshe, kuma kamar kullum ban saurara ba.

Ranar Lahadi Majken ta zo ɗaukar kayanta, ta nufi ɗakin baƙi kai tsaye. Sai da na yi gyaran murya na nuna mata lambu. Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta jera a kan dusar da ta fara narkewa, tana bin tsagar da yatsa. Babu wadda ta tsira. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Sai ta share hannunta a wando ta ce, "Ba komai, Baba. Zan cire sunana. Akwai baɗi."

Pernilla tana tsaye a taga da kofi a hannu. Ta dube ni sau ɗaya, ta ja labule.

Mamatan sun bar rim huɗu, da jak, da ma'aunin iska wanda ya san gaskiya tun farko, da rabin sandar alli. Sun bar 'ya ɗaya da ta gane darajarsu a zagaye guda. Sun kuma bar magada huɗu sababbi, waɗanda tun daren Litinin suka koma ƙarƙashin motar Majken. Ni na ɗaura su da hannuna. Ta ce, "Kai fa, Baba? Da me za ka yi tsere?" Na ce bana ina takaba. Sunanta yana nan a gasar, kuma masu son yin gaisuwa su yi mata ita a can, ta hanyar matsawa gefe idan sun hango ta a madubi.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa, bayan an gama share filin tsere, kafin a buɗe shi. Ba za a kai su wurin ƙona shara ba. Kjell ya amince a ɗaure su cikin katangar tsofaffin tayoyi da ke tare motar da ta ƙwace, kuma shi da kansa ya zaɓi makwancin: kwana ta uku. Ya ce, "Can suka fi sani. Kuma ba za su yi kewarka ba, tunda kana yawan zuwa."

Akwai kofi da burodin kirfa bayan an gama. Ana roƙon jama'a kada su kawo furanni, kada kuma su kawo shawara. Mai neman mai makoki zai same shi duk Asabar ɗin bana a kwana ta uku, sanye da rigar ruwan lemo, riƙe da tuta, a tsaye kusa da mamatan, muna kallon 'yarmu tana wucewa. Idan Allah ya kai mu baɗi na samu wasu tayoyin, na san zan sake makara wajen birki, kuma na san waɗanda za su tare ni. Ina fata su yi mini a hankali fiye da yadda na yi musu.